Tulun Inna a Cikin Gilashi

Ranar da aka fara neman kakannin mijina, ranar aka fitar da uwarsa daga ɗakinta.

Ni na kwashe mata kayan, don haka ba labari aka ba ni ba. Ina goye da Ummi, 'yata da aka sa wa sunan tsohuwar, na naɗe tabarmarta, na ƙulle zannuwanta a ɗankwali, muka ratsa ta kicin muka fita baya, inda ɗakunan direba da mai gadi suke, jikin rumfar janareta. Tulunta na ruwa ne kaɗai ba ta yarda na taɓa ba. Da kanta ta ɗaga shi, ta ɗora a kafaɗa yadda matan garinsu suke ɗaukar kaya, ta wuce gaba ina biye.

Gidan na Yaya Umar Farouk ne, wan mijina, darakta a wata ma'aikatar tarayya. Ni da mijina Hadi muna zaune a sashen gefe kafin a gama namu ginin a Kubwa. Shekarun nan ne da mulki ya dawo hannun farar hula, kuɗi ya shigo Abuja kamar an ɓalle famfo, kowane babba yana yawo da wayar salula biyu, kowa yana tura ɗansa karatu waje. Yaya ma ya tashi tura babban ɗansa, Zaid, Ingila, kuma a wajen neman biza abin ya samo asali. Wata Baturiya, yarinya ƙarama, ta duba fasfon yaron ta ga Zaid Umar, ta duba na uban ta ga Umar Hassan, na uwar kuma Yelwa Sani. Sai ta tambaya, cikin ladabi, me ya haɗa mutanen nan uku. Aka yi mata bayani, ta gane, ta ba da biza. Ita ta manta. Yaya ne bai manta ba.

A wajen cin abinci ya yi mana lacca. Ya ce Turawa suna ɗaya suke riƙewa tun kakan kakanni, har matar da aka auro sai ta ajiye na ubanta ta ɗauki na gidan. Larabawan da yake gani idan ya je Umra, kowa da sunan zuriyarsa, da ka ji ka san gidan da ya fito. Ko Yarabawan ofishinsu, jika da kaka suna ɗaya suke amsawa. Mu kaɗai ne kowane ɗa yake ɗaukar sunan ubansa ya yar da na kakansa, ko kuma ya liƙa sunan garinsu a baya kamar motar tasha. Zaid ya sa baki, ya ce ya ji a ƙasar Sifen yaro har sunan gidan uwarsa yake ɗauka, ya haɗa biyu. Yaya ya ce wannan matsalar mutanen Sifen ce, a ci abinci.

Inna tana gefe a kan tabarmarta, don ba ta hawa tebur. Bayan an watse ta jawo ni ta tambaye ni sunan ƙasar nan da ake tunawa da uwa. Na faɗa mata. Ta maimaita sau biyu, ta ce da alama mutanen kirki ne.

Ba a jima ba aka kawo Malam Manniru. Wani abokin aikin Yaya ne ya haɗa su, ya ce mutumin ya samo wa manya da yawa a garin nan kakanni, kuma ba wanda ya taɓa dawo da nasa. Malam ya ce aikin salsala yana son ɗaki mai sanyi, marar hayaniya, kusa da mai gida. Ɗaki irin wannan guda ɗaya ne a ƙasa, na Inna. Hajiya Yelwa, matar Yaya, ita ta zo da bayanin. Ta ce dama sanyin esi yana taɓa wa Inna gwiwa, kuma tsofaffi sun fi son inda za su ga sama su taka ƙasa. Ta ce gata ne aka yi mata. Inna ta ce ta gode.

Ni nake kai wa Malam shayi, shi ya sa na ji yadda aka samo kakan. Ya tambayi Yaya abin da ya sani. Yaya ya ce babansu Hassan bafatake ne, yana saro doya da tukwane yana kaiwa arewa, kakansu kuma bai san shi ba, ya dai ji ana ce masa Ɗangoggo. Malam ya ce kada ya damu, manyan gidaje da yawa haka tarihinsu yake ɓuya don tawali'u. Ya ƙare wa hancin Yaya kallo, ya ce wannan ba hancin nan kusa ba ne. Ya ce akwai Yaman, akwai Tambutu, akwai Futa Toro, sai dai Yaman ta cika, kusan duk wanda ya samu kujera can yake fitowa. Yaya ya ce Futa ta fi kwanta masa a rai. Kafin shayin ya huce mun zama zuriyar Modibbo Alfuti.

Na ce wa Hadi me zai hana a tambayi Inna, tunda ta zauna da babansu, ta ga uwarsa, ta san danginsa. Ya ce Malam da littattafai yake aiki, wannan ilimi ne ba hira ba.

Daga baya na gane ba mantawa aka yi da ita ba. Tunawa da ita aka yi, shi ya sa aka kai ta baya. Inna 'yar Ushafa ce, Gbagyi gaba da baya, waɗanda muke ce wa Gwarawa, daga gidan maginan tukwane. Laraba sunanta na haihuwa, Halimatu kuwa sai da ta musulunta za ta auri Hassan aka raɗa mata. A duk gidan nan ita kaɗai ce ba baƙuwa ba a Abuja. Idan muka fita a mota takan nuna wani dutse da aka kewaye da manyan gidaje ta ce a gindinsa suke yada zango idan za su kasuwa. Amma jikan Modibbo ba zai fito daga cikin mai ginin tukwane ba. A jikin bishiyar zuriyar da Malam yake zanawa, an ba ta sabon uba, wani malami na Zazzau wanda ita ma ba ta taɓa jin sunansa ba.

Dokokin a hankali suka riƙa zuwa, kuma kowacce da ƙaunarta. Hajiya Yelwa ta ce Inna ta daina ɗaukar kaya a kafaɗa, don likitoci sun ce yana karkata ƙashin baya. Inna ta haura saba'in tana ɗauka, bayanta a miƙe ya fi na Hajiyar. Sai aka ce idan baƙi suka zo ba sai ta wahalar da kanta ta fito gaisuwa ba, in kuma aka yi kiciɓis ta ɗaga hannu kawai. Dalilin da ba a faɗa ba shi ne Hausarta. Har ta tsufa ba ta raba namiji da mace a magana, ni ma ce mini take yi, Amarya ka zo. Da ta buɗe baki an san ba daga Zazzau ta fito ba.

Sai aka zo kan Elizabeth. Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana nan Ushafa da addininta da sana'ar gidansu. Duk ƙarshen wata takan zo da doya a kafaɗa, su zauna su yi ta yarensu suna dariya har la'asar. Wannan karon ta taga na hango ta tsaye a bakin get, mai gadi yana ce mata Oga ya ce Hajiya tsohuwa ta yi tafiya. Na sa hijabi na fita na same ta a titi. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce ta san yayarta ba ta tafiya ba sallama. Na zagaya da ita ta lungun bayan gida, inda katangar take da bulo mai huji daidai ɗakin Inna. Ta nan suka gaisa, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna zura yatsu. Doyar ni na shigo da ita, aka soya da ƙwai, Yaya ya ci ya yaba. Cikin makon aka kira birkila ya toshe hujin. An ce don tsaro ne, ɓarayi sun yi yawa a unguwar.

Duk wannan Inna ta shanye. Tana wasa da takwararta, tana tsince mini shinkafa, tana shan ruwan tulunta. Tulun nan baƙi ne sul don tsufa, mai ɗan dogon wuya, an zana ƙadangare da kifi a cikinsa. Kullum da safe takan wanke shi ta cika, ta rufe da ɗan faifai. Ba ta shan ruwan firji, ta ce yana sara mata haƙori. Na gora kuwa ta ce roba take ji a ciki. Ummi ma ta saba, da ta yi rarrafe ta isa ɗakin sai ta kama wuyan tulun tana bubbugawa.

Da aka kusa walimar bayyana sunan, Malam ya ce abu ɗaya ya rage. Kowane gidan asali yana da wani abin gado da ake nuna wa baƙi, takobi ko allo ko buta. Aka bincika, abin da Hassan ya bari rediyo ce mai batir, ita ma ta lalace. Rannan Malam ya zagaya baya zai yi alwala, ya hango tulun ta ƙofa. Ya dawo falo ko hannu bai goge ba.

Yaya da kansa ya zo. Tun da aka mayar da Inna baya bai taka wajen ba, don haka da ta ji sallamarsa har rawar jiki take yi, ta shimfiɗa masa sabon zane a kan tabarma. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci. Direba ya shigo da ƙaramin firji da katan-katan na ruwan gora. Sannan Yaya ya ce aron tulun yake so, na ɗan lokaci, za a sa shi a wuri mai daraja.

Inna ta dubi tulun, ta dube shi. Ta ce, "Da cikinka na gina shi."

Ya ce, "Ai shi ya sa yake da tarihi, Inna."

Ta tuttule sauran ruwan a buta, ta goge shi da bakin zanenta, ta miƙa masa. Bai karɓa ba, direba ya nuna wa. Washegari na gan shi a falo cikin akwatin gilashi, da fitila a samansa, da rubutun ruwan zinare a ƙasa: tulun da Modibbo Alfuti ya taho da shi daga Futa Toro.

Bazara ce lokacin. Wanda ya san zafin Abuja kafin saukar ruwa ya san abin da nake nufi, ga ɗakin rufin kwano ne, ga janareta yana huci a jikin bango duk sanda aka ɗauke wuta. Na lura goran da na buɗe mata da safe shi nake tararwa da yamma, ko wuyansa bai sauka ba. Na je kasuwa na sayo sabon tulu. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce bai gasu ba, amma Allah ya yi mini albarka. Ta kurɓa don ta faranta mini. Na koma dabara irin ta masu goyo, kunu mai ruwa-ruwa, kankana, lemo, farfesu. Takan karɓa ta taɓa ta ajiye. Ba taurin kai ba ne, na san taurin kai. Kamar dai an ce mata shan ruwa ma yana cikin abubuwan da aka hana.

Leɓenta ya fara tsagewa. Ta daina tsince shinkafa. Wata rana na shiga ta kira ni Elizabeth.

Na samu Hajiya Yelwa na ce a mayar wa Inna tulunta. Ta ce ruwa ai ruwa ne, tsufa ne kawai da rigima, ita uwarta ta rasu tana shan na firji. Na samu Hadi. Ya ce na yi haƙuri a gama walima, da hannunsa zai mayar mata. Na ce jikinta ba ya jiran walima. Ya ce na tuna a gidan wa muke zaune, kuma kada na ɗauka na fi shi son uwarsa. Ban ce na fi shi ba. Yana sonta, na sani, kullum ya dawo aiki sai ya je ya zauna a bakin ƙofarta. Sai dai son da yake mata bai kai ya ratsa falo ya buɗe gilashi ba.

Na matsa aka kira likita gida. Ya duba ta, ya ce ruwan jikinta ya yi ƙasa sosai, ƙoda ta fara gajiya, a kwantar da ita a asibiti. Yaya ya ja shi gefe suka yi magana, aka dawo aka ce za a kawo nas ta riƙa sa mata ƙarin ruwa a gida, don Inna ba ta son warin asibiti. Ba wanda ya tambaye ta. Abin da ake gudu shi ne 'yan dubiya. Uwar darakta a gadon asibiti, dole abokan aiki da matansu su yi layi, ita kuwa a lokacin Hausar ta fara zubewa daga bakinta. Da ruɗewar ta yi nisa sai ta koma yarenta zalla, wanda ta tashi da shi.

A nan ne na ga abin da har yau yake hana ni sukuni. Uwa tana magana, 'ya'yanta biyu da ta haifa suna tsaye a kanta, ba wanda ya san abin da take cewa. Ba su taɓa koya ba, suna yara an ce musu yaren ƙauye ne. Hadi ya riƙa cewa na'am Inna, to Inna, hawaye yana bin gemunsa. Yaya ya ce sambatun zazzaɓi ne, a rufe ƙofar kada yara su tsorata.

Na nemi lambar wani mai shago a Ushafa, na roƙe shi ya kira mini Elizabeth. Na kara wa Inna wayar a kunne ta yi ta magana, sannan na karɓa. Na tambayi Elizabeth me take cewa. Sai ta ce tulunta take nema. Cewa take yi an kusa tashi daga makaranta, yaron zai dawo cikin rana, kuma ba ta ga inda ta ajiye masa ruwan sanyi ba.

Na ce wane yaro. Ta ce, "Babban. Darakta."

Ranar walima an kafa rumfuna har kan titi. An yi mana anko, leshi ruwan goro da ɗaurin gwaggwaro, an kawo mai ɗauri tun safe. Malamai sun yi addu'a, maroƙi yana ta kiran Alfuti kamar da sunan ya tashi. Bayan azahar aka shigar da manyan baƙi falo, aka yaye ƙyalle daga jikin bishiyar zuriya, ta kusa cin rabin bango, Modibbo a can sama, su Zaid a ƙasa. Ni ina baya wajen Inna. Nas ɗin ta tafi kallon taro. Na ɗiga mata ruwa a leɓe da cokali ta kawar da kai, tana ta nuna kusurwar da tulun yake zama. Ummi tana zaune a wajen, tana bubbuga ƙasa inda ta saba bubbuga wuyansa.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na miƙa wa mai wanke-wanke Ummi, na shiga ta kicin.

Na tarar Malam Manniru ya buɗe gilashin, yana nuna wa baƙi zanen ƙadangaren, yana cewa alama ce ta haƙuri a wajen malaman Futa. Na yi sallama, na ratsa tsakanin manyan riguna, na durƙusa na gaishe da Yaya. Na ce, "Inna za ta sha ruwa." Na sa hannu biyu na ɗauko tulun.

Ya fi yadda na zata nauyi. Na so na ɗora a ka, gwaggwaron ya hana, ga takalmi mai tsini. Sai kawai na saɓa shi a kafaɗa, na tallafe da hannu ɗaya, yadda na ga Inna tana yi.

Na ga fuskar Hadi, na ga ta Hajiya Yelwa. Wani dattijo mai jar hula, wanda aka ce babba ne a ma'aikatar, ya tambayi Yaya ko lafiya. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, har na fara tunanin inda zan kwana da 'yata.

Yaya ko ƙifta ido bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, al'adar gidanmu ce tun daga Futa. Duk ranar taro, ƙaramar surukar gida takan ɗauki tulun kaka a kafaɗa, ta kai wa tsohuwar gida ruwa."

Dattijon ya gyaɗa kai ya ce masha Allah, gidajen asali ke nan, su ba sa yar da abinsu. Aka ɗauki tafi. Malam Manniru ya ce dama yana shirin zuwa kan wannan. Mai ɗaukar hoto ya biyo ni yana haska ni har ƙofar kicin, a nan Hajiya Yelwa ta tare shi ta ce daga nan kuma na mata ne.

Na wanke tulun na cika shi. Ban jira ya yi sanyi ba. Na ajiye shi a gaban Inna, na kamo hannunta na ɗora a cikinsa. Yatsunta suka bi ƙadangaren daga kai har wutsiya. Na tsiyaya a moɗa na kai bakinta, ta shanye, na ƙara ta sha rabi. Ta jingina da bango tana numfashi, can daga rumfa maroƙi yana ta jero kakanni. Sai ta dube ni sosai, ta gane ni, Hausar ta dawo mata.

Ta ce, "Amarya, ka rufe da faifai. Ka ajiye wa yaron nan nasa."

Washegari na kira tasi na kai ta asibiti, Elizabeth ta same mu a can. Ba wanda ya hana, an gama walima. Har Yaya ya aiko da direba da kular abinci, ya kuma yi wa likitoci faɗa a waya kan su kula da mahaifiyarsa. Likitan ya ce mun makara, ƙodar ba za ta dawo ba. Da ta ɗan farfaɗo ta ce a kai ta gida, kuma kowa ya gane ba gidan darakta take nufi ba. Hadi ne ya tuƙa mu, tulun yana kan cinyata. A Ushafa ta ga saukar ruwan farko, a ɗakin da aka haife ta, mata suna shigowa suna kiranta Laraba tana amsawa. Ba ta ga ƙarshen damina ba.

An buga ta'aziyya a jarida, shafi guda, da sunan Hajiya Halimatu Alfuti, jikar malamai, matar jikan malamai. An yi addu'ar uku a gidan Yaya, rumfunan walima aka sake kafawa. Elizabeth ta zo, an bar ta ta shiga, ta ƙofar baya.

Tulun yana wajen Elizabeth, na ce ba zan dawo da shi ba, kuma ba wanda ya iya tambayata a fili. Gilashin ya zauna fanko har baƙi suka fara tambaya. Sai Yaya ya tura direba Ushafa ya samo tsohon tulu mai kama da wancan. Direban bai san kowa a garin ba sai Elizabeth. Ita ta zaɓa masa, wani da ya tsage a gindi tun tuni, ba ya riƙe ko moɗa guda. Ta ce mini ai ba sha za su yi ba.

Na san gidaje a garin nan da suke da irin ɗakin nan na baya. Wani uwa ce a ciki, wani uba ne da yake cin tuwo da hannu yana magana da ƙarfi, wani goggo ce mai tsaga a fuska. Ba a dukansu, ba a zaginsu, ana ma saya musu firji. Ana dai jira ne su mutu, don matacce ya fi daɗin sha'ani, duk sunan da ka ba shi zai amsa, duk garin da ka ce ya fito ba zai musa ba. Turawan da muke kwaikwayo suna tono kakanninsu ne don su san gaskiyar inda suka fito, ko da ɓarawon doki ne. Mu kuwa mun je har Futa neman wanda ba mu taɓa gani ba, muka tsallake wadda ta yi mana goyo tana zaune jikin janareta.

Mun tare a Kubwa. Ummi ta shiga makaranta da sunan Halimatu Alfuti, wannan ban isa na hana ba, sunan ubanta ne yanzu. Amma ƙarshen wata nakan ɗauke ta mu je Ushafa. Ta iya gaisuwa da yaren, ta san ramin da ake haƙo yumɓu, ta san wadda ta ci sunanta da sunayenta biyu. Idan ta gaji da wasa takan je ta buɗe faifai da kanta.

Da Sallar da ta wuce muka je gaishe da Yaya. Na miƙa wa Ummi ƙaramar kular abincin Sallah na ce ta kai wa Hajiya. Ta karɓa, ta saɓa a kafaɗa, ta tallafe da hannu ɗaya, ta ratsa falon a miƙe, ta wuce gilashin ko kallonsa ba ta yi ba. Akwai baƙi. Hajiya Yelwa ta jawo ni kusa, ta rage murya, ta ce wa yake koya wa yarinyar nan ɗaukar Gwarawa.

Ni ban rage tawa ba. Na ce, "Daga Futa ta gado, Hajiya. Yaya ne ya faɗa a gaban mutane."